'YAN WASAN KWAIKWAYO: SU WANE NE, 'YA'YAN WANE NE?

Laccar da aka yi wa samari da iyayensu a Kafin Hausa

 

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana yau shi ne, kwanan baya wani dattijo na garin nan ya zo mana da kuka. Ya ce ɗansa ya gama makaranta, ya kuwa kafe shi wasan kwaikwayo zai shiga. Dattijon ya ce gara ya ga yaron yana dako a kasuwa da ya gan shi cikin 'yan iska. Ba mu ba shi amsa a ranar ba, domin maganar ta fi ƙarfin zaure ɗaya. Ga shi yau Allah ya tara mu, sai mu duba ta tare: su wane ne 'yan wasan nan, daga ina suka fito, ina kuma sana'ar ta kai su?

BA BAƘON ABU BA NE

Da farko dai kada wani ya ce muku Bature ne ya kawo mana kwaikwayo. Wane ne a cikinmu bai yi tashe ba da yana yaro? In azumi ya kai goma, yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani, a bi gida gida ana dariya ana ba da hatsi. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai a bakin kasuwa. A gidajen sarauta kuwa akwai wasan gauta, inda mata su kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi maganar kowa da tafiyarsa, sarki na zaune yana kallo. Abin da bafade ba ya iya faɗa da rana tsaka, a nan a kan faɗe shi cikin raha, ba a kuwa kama kowa.

Malam Aminu Kano ya gane amfanin wannan tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Ya rubuta wasanni, cikinsu har da “Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?”, ya kuma ci gaba da sa yara wasa sa'ad da ya ke koyarwa a Midil ta Bauci. Ya san talakan da bai iya karatu ba yana iya kallo, in kuwa ya ga azzalumi a fage ya kan gane shi a gari.

ƊAN SARKI, GANDIROBA DA MALAMA

To, mu zo ga mutanen kansu. Manyanmu sun san Samanja Mazan Fama. Sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja zamanin yaƙin basasa wanda aka fara cikin 1967, sa'an nan ya komo rediyo. Tsawar nan da Hausar bariki da ya riƙa ba mu dariya da su, a bariki ya gan su da idonsa. Da wasansa farar hula suka fahimci soja, soja kuma suka ga kansu. Ya rasu a Kaduna cikin Nuwamba 2023.

Ga Rabilu Musa, watau Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa a Kano. Shi ɗan talakawa ne, aikin gandiroba ya yi shekara da shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Ku dubi ikon Allah: cikin 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin “Ibro Aloko”, mai tsaron fursuna ya zama fursuna. Ya rasu cikin Disamba 2014, har gobe kuwa yara suna kwaikwayon maganarsa.

Saratu Giɗaɗo, wadda ku ka sani da Daso, malamar makaranta ce kafin ta shiga fim. A fim ita ce muguwar kishiya, ita ce uwar miji mai baƙin hali, har waɗansu suka ɗauka haka ta ke a gida. Wannan kuwa shaidar gwaninta ce. Ta rasu cikin Afrilu 2024. Ali Nuhu ya yi digirinsa na ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya yi suna da “Sangaya”, cikin Janairu 2024 kuma aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya.

Mu leƙa wajen 'yan'uwanmu na Nijar. Umaru Ganda, Bazabarme, ya yi wa Faransa soja a yaƙin da ta yi a ƙasar Biyetnam. Da ya dawo bai sami aiki ba, ya tafi Abijan yana dako a bakin jirgin ruwa. A can wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya gamu da shi ya sa shi cikin “Moi, un noir” na 1958. Ɗan dakon nan ya koyi aikin har ya riƙa shirya nasa, cikin 1972 fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. Bayan rasuwarsa a 1981 aka sa wa babban gidan wasanni na Yamai sunansa.

Jama'a, kun ji fa. Ɗan sarki, gandiroba, malamar makaranta, mai digiri, ɗan dako. Wanne ne ɗan iska a cikinsu? Ba mu ce babu ɓata-gari a cikin 'yan wasa ba. Akwai, kamar yadda a ke samunsu cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis. Amma ba a taɓa hana yaro kasuwanci don an kama wani da tauye mudu ba.

KURA DA SHAN BUGU

Duk da haka tsoron dattijon nan yana da tushe, sai dai ba inda ya ke zato ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: haɗarin sana'ar nan shi ne tsufa cikin talauci.

Tun daga 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da “Turmin Danya” a kaset, fim ɗin Hausa ya zama kasuwa. Amma yaya kuɗin ke tafiya? Mai shirya fim ya kira ɗan wasa, a yi ciniki da baki, a biya shi sau ɗaya, shi ke nan. In an sayar da fim ɗin shekara goma, in gidan talabijin ya maimaita shi sau ɗari, in an sa shi a YouTube, ɗan wasa ba shi da ko kwabo a ciki. Ba takarda, ba fansho, ba kuɗin asibiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cikin 2022 tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda a ke kira Tambaya, ta gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da a kan ba ta a fim bai wuce Naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Waɗansu masu shirya fim suka musa, suka ce sun biya ta fiye da haka. Mu ba alƙalai ba ne. Abin da mu ke cewa shi ne, da akwai takardar yarjejeniya da gardamar ba ta taso ba.

Ku tuna da Karkuzu na Bodara, Abdullahi Shu'aibu na Jos. Shekara nawa yana sa Arewa dariya? Da tsufa ya zo, ga ciwon ido, sai ga shi yana neman taimakon jama'a, har ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida cikin 2023. Allah ya saka wa mai kyauta. Amma ashe daidai ne mutum ya yi aiki duk rayuwarsa, sa'an nan wurin kwanansa ya dogara ga tausayin wani? Ya rasu cikin 2025, Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.

Masu neman mulki kuwa sun san darajar 'yan wasa sarai, amma ran zaɓe kaɗai. A ɗora su a mota, su tara jama'a, a ba su na goro. In an hau kujera, sai dai su ji labarin hukumar tace fina-finai da tara da ɗauri. Wanda ya iya yin doka don hukunta ɗan wasa, lalle ya iya yin doka don a biya shi hakkinsa.

ABIN DA MU KE SO

Saboda haka muna kira ga abu uku. Na ɗaya, kowane ɗan wasa, babba ko ƙarami, mace ko namiji, a ba shi takarda kafin ya tsaya gaban kyamara, a rubuta ladansa da rabonsa in an sake sayar da aikin. Na biyu, ƙungiyoyin 'yan fim su kafa asusun da za a riƙa zuba wani abu daga kowane fim, don jinyar tsofaffinsu da marayunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku namu ne, mu mutanen ƙasar Haɗeja. Don me sai yaronmu ya gudu Kano kafin ya yi wasa? Labari ne ba mu da shi? Ga kacala ta cinye hanyoyin ruwa ta hana masunci jefa koma. Ga ambaliyar 2022 da ta rushe gidaje ta kwashe amfanin gona a ƙasar nan. Ga manomin shinkafa da ya ci bashi da damina, dillali ya kwashe buhunansa da kaka. Ga rigimar manomi da makiyayi a fadama. Tun 2013 muna da jami'a a garin nan, wadda a ke kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Muna roƙon ɗalibanta da malaman makarantunmu su haɗa kai da samarin gari, su tsara waɗannan al'amura su zama wasa, a nuna a fili ran kasuwa, gaban iyaye da malamai. Wasan da uwa ta ke zaune tana kallo, yaro ba ya yin abin kunya a cikinsa.

Samari kuma ku ji da kyau. Samanja yana da aikin rediyo, Daso ta riƙe alli, Ali Nuhu ya gama jami'a. Kada ka yar da fartanya ko littafi don an tafa maka sau ɗaya. Riƙe sana'arka da hannun dama, wasa da na hagu, har ka ga ya iya ciyad da kai.

Baba da ka kawo mana kuka, ga amsarmu. Kada ka kori yaron nan, kada ka la'ance shi. Tambaye shi wa zai bi, me zai nuna, nawa za a biya shi, ina takardar. In ya kawo amsa mai kyau, sa masa albarka. In bai kawo ba, ya zauna ya koya tukuna.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba kowa halalinsa. Wanda ya ke da tambaya ya miƙe, fili nasa ne.