Yadda A Ke Gane Ƙungiyar Agaji Ta Ƙwarai

 

Yau maganarmu a kan ranar da abu ya fi ƙarfin gida ne, watau ranar da ruwa ya ci gari, ko gobara ta tashi a kasuwa, ko annoba ta shigo unguwa har ɗakin shan magani ya cika maƙil, malamin asibiti shi kaɗai ya rasa wanda zai fara dubawa. A irin wannan rana ne ku kan ga waɗansu mutane sun zo da riguna masu alama, ana ce da su 'yan agaji. Waɗansu zuwansu rahama ne. Waɗansu kuwa, in za a faɗi gaskiya, su zo a ɗauki hoto, su raba buhu biyar, su tā da mota su tafi. Ya kamata ku san yadda a ke rarrabewa, gama ranku da na 'ya'yanku ne a ciki, da sunanku kuma a ke roƙon kuɗin.

Ku tuna da abin da ya faru cikin birnin Zariya ran Juma'a 11 ga Agusta 2023. Ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya rufto a kan masallata. Aka yi hasarar rayuka, waɗansu da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. To, mutumin da ƙasa ta danne, numfashinsa na 'yan mintoci ne. Ba zai iya jiran mota daga Kaduna ba, balle daga Abuja. Hannun da zai tono shi shi ne hannun da ke kusa, na ɗan Kwarbai, ko na mai tireda a Babban Dodo. Saboda haka abu na farko da za ku duba ga ƙungiyar agaji shi ne, shin tana da mutanenta a cikinku tun kafin masifa ta zo? Ƙungiyar da ofishinta ya ke babban birni kaɗai, komai kyan motocinta, ta kan iso ne bayan an dawo daga maƙabarta.

Wannan shawara ita ce asalin ƙungiyar Red Cross. A shekarar 1859 wani ɗan kasuwa mutumin ƙasar Suwizalan, Henri Dunant, ya isa wani wuri da a ke kira Solferino a ƙasar Italiya, ya tarar an gama yaƙi, dubban sojoji na kwance cikin jini ba mai ba su ko ruwa. Ya tara matan garin da ke kusa, suka yi abin da suka iya. Da ya koma gida sai ya rubuta littafi a 1862, ya ce lalle ko wace ƙasa ta kafa ƙungiyarta, ta horar da mutane tun ana zaune lafiya. A 1863 aka kafa kwamiti a birnin Janeba. Yanzu ƙasashe fiye da 190 suna da irin wannan ƙungiya. Tamu ta Nijeriya da fari reshe ce ta ƙungiyar Ingila. Majalisa ta yi mata doka a 1960, aka karɓe ta cikin 'yan'uwanta na duniya a 1961, kuma tana da reshe a dukkan jihohi 36 da Abuja. Ban da ita akwai 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda ku ke gani a filin Idi da wuraren tafsiri. Ma'aunin da za mu faɗa yau ya hau kan kowa.

Amma kusanci kaɗai bai isa ba, sai da sani. Nan ne na ke so mu ɗan daɗe, don kyakkyawar niyya ba tare da ilmi ba ta kashe mutane da yawa. Mota ta kaɗe mutum a hanyar Ƙofar Doka, jama'a su taru, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a naɗe shi a cusa cikin Keke. In ƙashin bayansa ko na wuyansa ya karye, wannan ɗauka ita ce za ta shanye masa ƙafafu har abada. Ɗan agajin da ya koyi aiki zai hana a lanƙwasa shi, ya nemi ƙyaure ko katako mai faɗi, a kwantar da shi a miƙe, wani ya riƙe kan kada ya motsa. Ya san ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, gama ruwan huhu ya ke tafiya. Ya san jini in yana zuba, danne wurin a ke yi da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi, ba a zuba ƙasa ko toka. Ya san ƙuna ruwan sanyi mai tsabta a ke kwarara mata na tsawon lokaci, ba manja ba, ba ƙwai ba. In amai da gudawa ya kama yaro, kafin a kai ga asibiti ya san yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa. In kun ga mai riga da hula da usur, ku tambaye shi ina ya koyi aiki, yaushe kuma aka sake gwada shi. Riga tela ne ya ɗinka ta.

Sa'an nan akwai tanadi. Yawancin masifunmu suna da lokacinsu, ba sa zuwa a ɓoye. Kowa ya san gobara ta fi yawa da hunturu. Sanƙarau ya fi kamu da rani, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara. Rushewar gidajen ƙasa da kwalara kuwa sai damina ta yi nisa, Kubanni da Galma sun cika, ruwan masai ya gangara cikin rijiya. A shekarar 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. A 2012 ambaliya ta raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta sake dawowa da ƙarfi a 2022, ta kashe fiye da 600. Ƙungiyar kirki tun da rani ta ke tara tabarmi da bargo da gidan sauro da maganin tsabtace ruwa, ta aje su kusa, ta san makarantar da za a sauke mutane, ta san mai motar da za a tasa da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ga wanda ya fi wuya, watau rashin nuna bambanci. A 1965 aka taru a birnin Biyana aka rubuta ƙa'idodi bakwai na wannan aiki, kuma wadda ta fi shafarku ita ce, a fara da wanda ya fi buƙata. Ba a tambayar mai rauni addininsa, ko ƙabilarsa, ko jam'iyyar da ya zaɓa. In almajiri na zubar da jini, ɗan hakimi kuwa targaɗe ya yi, almajiri za a fara dubawa, ko da za a ji haushi. Zariya gari ne na taron jama'a. Akwai Birni, akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari da Samaru da Wusasa. Ƙungiyar da ba ta iya shiga duka waɗannan a buɗe mata ƙofa, ba ta ƙasa ba ce, ta unguwa ce.

Na san waɗansu su kan tsargu da jan gicciyen da ke jikin tutar. Asalinsa tutar Suwizalan ce aka juya launinta, don girmama ƙasar da aka fara aikin. Turkawa tun yaƙinsu na 1876 suka zaɓi jan jinjirin wata, aka amince da shi a 1929, shi ne ƙasar Saudiyya ta ke amfani da shi har yau, kuma alhazanmu sun gan shi a Mina da Arfa. Aiki ɗaya ne, ma'ana ɗaya ce: wannan mai ceto ne, kada a harbe shi. Ba kullum a ke kiyaye wannan ba. A watan Janairu 2017 'yan agajin Red Cross shida suka mutu a Rann ta jihar Borno sa'ad da jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure. A 2018 kuma masu ɗauke da makamai suka kashe ungozomomi biyu da suka sace a wannan gari, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. 'Ya'yanmu ne, haihuwa su ke karɓa.

Game da gwamnati, ƙungiyar agaji mataimakiya ce, ba baranya ba. Gwamnati tana da hukumarta, NEMA, wadda aka kafa a 1999, jihohi kuma suna da nasu. Dole a haɗa kai da su, da hakimi da dagaci da mai unguwa, don kada ƙauye ɗaya ya sami shinkafa sau uku na kusa da shi bai ga ko mudu ba. Amma ran da ɗan siyasa ya ce a manna hotonsa a jikin buhu, ko a tsallake ƙauyen da bai zaɓe shi ba, tilas ƙungiya ta iya cewa a'a.

Sai maganar amana, wadda ba a son taɓawa. Inda kaya suka taru, ɓeraye su kan taru. Ba wanda ya fi ƙarfin wannan. A 2017 babbar ƙungiyar Red Cross ta duniya da bakinta ta faɗi cewa an sace fiye da dala miliyan 5 daga kuɗin yaƙi da cutar Ebola a Gini da Saliyo da Laberiya. Abin kunya ne, amma ni a ganina wadda ta binciki kanta ta faɗa ta fi wadda ta rantse ba ta taɓa ɓatar da ko kwabo ba. Ku ma kuna da aiki a nan. In an kawo kaya, ku nemi a faɗi yawansu a gaban jama'a, a karanta sunayen waɗanda aka rubuta da ƙarfi a ƙofar mai unguwa, don a ji in an sa sunan wanda ya mutu bara, ko an manta da gwauruwar da ke bayan ganuwa. Kayan agaji kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba da kuɗin rubuta suna, ko ya nemi wani abu daga wurin mace kafin ya ba ta rabonta, ku kai ƙararsa.

Wani abu kuma da mutanen nesa su kan manta. A cikin Birni gidaje da yawa an rubuta musu "Ba shiga", namiji baƙo iyakarsa zaure. Alhali mai ciki da mai jego da jariri, waɗanda annoba ta fi kayarwa, suna can ciki. Ƙungiyar da ba ta da mata 'yan agaji, rabin gari ba ta gan shi ba. Haka kuma akwai magidancin da zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi cikin layi da kwano a hannu. Mai aikin da ya san gari ya kan kai masa bayan magariba, ya rufa masa asiri.

Yarda kuwa in ta zube, kwasarta da wuya. Kun tuna a 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa, har ta ƙetara zuwa waɗansu ƙasashe. Sai da aka koma ga sarakuna da malamai da matan unguwa, ana bi gida gida, kafin a 2020 aka tabbatar an rabu da ainihin ƙwayar cutar a Nijeriya. Shekara 17 ke nan.

In an tashi daga ɗakin shan magani yau, ku tambayi malamin asibiti ko akwai mai koyar da taimakon farko a gundumarku, ko reshen Red Cross mafi kusa. Ku zaɓi samari biyu da mata biyu masu natsuwa, waɗanda ba su shirin barin gari, ku tura su su koyo. Waɗanda iyalinsu suka ɓace a wani rikici kuma, su kai suna can, gama neman ɓatattu da sada su da danginsu yana cikin aikin ƙungiyar, ba a biyan komai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gyaran rijiya kafin ruwa ya sauka. Mu kwana lafiya.