Riɗin Miga da Dokar Kasuwar Duniya

A watan Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka. Tun daga nan masana masu ba gwamnatoci shawara ke ta taruka a otal-otal ɗin Abuja kan yadda za a ci moriyarta. To, madalla. Amma manomin Miga ta Jihar Jigawa da ke kakkaɓe riɗinsa a tsurar ƙasa, yashi na shiga ciki, labarin bai iso masa ba. Dillali a kasuwar Gujungu zai damƙi riɗin, ya murza a tafin hannu, ya karya farashi.

Kasuwar duniya ma haka take hukunta rashin inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari, irin fiya-fiyar nan da ake yayyafa wa buhu. Meziko ma ta taɓa rufe wa zoɓonmu ƙofa, alhali Jigawa na sahun gaba wajen nomansa.

Ya kamata shawarar masanan da ake biya da dala ta sauko Miga da Hausa, ta bakin malaman gona, kafin kaka, tare da tamfol na shanya da buhun PICS da ba ya buƙatar magani.