Rage Raɗaɗi Bayan Tiyatar Ciki: Jawabin Wayar da Kai ga Jama'ar Kwoi da Kewaye



Maƙasudin wannan jawabi shi ne bayyana wata hanya da likitoci ke bi wajen rage raɗaɗi bayan an yi wa mutum tiyata a ciki. Dalilin zaɓen wannan batu kuwa shi ne, tsoron zafin fiɗa yana hana mutane zuwa asibiti a kan lokaci. Manomin citta yakan yi shekaru yana fama da ƙaba, yana ɗaure mara da tsumma yana tafiya gona, har ranar da hanji zai shaƙe a ɗauko shi ranga-ranga. Mace mai naƙuda takan ƙi yarda a yi mata fiɗa har lokaci ya ƙure. Wajibi ne jama'a su san cewa ilimin kashe zafi ya yi nisa ƙwarai.

1. Yadda zafi ke zuwa

Zafi saƙo ne. Idan an yanka fata, waɗansu jijiyoyi ƙanana ne ke ɗaukar labarin su kai wa laka, ita kuma ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan daban suke da jijiyoyin jini. In aka tare saƙon a hanya, mutum ba zai ji zafin ba ko da idonsa biyu. Tun a 1884 wani likita mai suna Carl Koller ya nuna haka a birnin Biyana, inda ya kashe zafin ido da magani ba tare da an sa majiyyaci barci ba.

A gefen cikin ɗan Adam akwai shimfiɗar tsoka guda uku, wata bisa wata. Jijiyoyin da ke kawo ji ga fatar ciki suna bi ne tsakanin ta biyu da ta uku. A 2001 wani likita a ƙasar Ailan, Dokta Rafi, ya bayyana yadda za a kai allura daidai wannan tsakani a zuba maganin kashe jijiya. A 2007 kuma likitoci a Ostiraliya suka nuna yadda za a yi aikin da na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, domin likita ya riƙa ganin bakin allurar. A taƙaice likitoci na kiran wannan allura TAP.

Akan zuba maganin, galibi bupivacaine ko ropivacaine, kimanin cikin babban cokali ɗaya ko fiye kaɗan a kowane gefe. Sau da yawa ana yi ne tun majiyyaci yana cikin barcin tiyata, saboda haka ba ya ma sanin an yi. Fatar ciki takan mutu na tsawon sa'o'i da dama, wani lokaci har kusan kwana guda, watau daidai lokacin da zafin fiɗa ya fi tsanani.

2. Masu tiyatar rage ƙiba

Akwai ƙibar da ta zama cuta, mai jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Likitoci na auna ta da lissafi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake rabawa. Misali, mai kilo 120 da tsawon mita 1.7 lissafinsa zai haura 41. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka tsayar cewa ana iya yi wa mutum tiyata in lissafinsa ya kai 35, ko kuwa 30 in yana da ciwon sukari. A ɗaya daga cikin hanyoyin, akan yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, ta waɗansu ƙananan kafofi da ake hudawa a ciki. A Nijeriya sai a manyan birane irin su Legas da Abuja ake samun wannan aiki, amma majiyyaci gida yake komowa ya yi jinya, don haka ya kamata danginsa su fahimci al'amarin.

Mai ƙiba sosai yakan yi minshari, numfashinsa kuma yakan ɗauke a cikin barci. Magunguna masu ƙarfi irin su mofin da taramol suna ƙara danne numfashi, suna sa amai da taurin bayan gida. Ke nan yawaita su ga irin wannan majiyyaci haɗari ne. Allurar gefen ciki tana rage yawan waɗannan magunguna da zai buƙata a ranar farko. In zafi ya yi sauƙi, zai iya jan numfashi sosai, ya yi tari, ya tashi ya taka da wuri. Tashi da wuri kuwa shi ne rigakafin ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, wadda kan yi kisa in gudan jinin ya kai huhu.

Ana amfani da allurar kuma a fiɗar haihuwa da ta ƙaba, waɗanda su ne jama'a suka fi sani.

3. Iyakar allurar

Zafin fata da tsokar ciki kaɗai take kashewa, ba ta kai ga zogin hanji ko na tumbi ba. Saboda haka akan haɗa ta da farasitamol da sauran magunguna. In maganin ya shiga jini da yawa, majiyyaci zai ji leɓɓansa sun mutu, ko ƙara a kunne, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko jiri. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma duk wanda ya ji haka lalle ya gaya wa ma'aikatan jinya nan take. Aiki ne na ƙwararren likitan sa barci a cikin asibiti. Ba aikin mai kemis ba ne, balle mai yin allura a gida.

4. Abin da ake so jama'a su kiyaye

Na farko, kafin tiyata a tambayi likita yadda za a kashe zafi, da ko akwai wannan allura. Inda babu, akwai waɗansu hanyoyi masu kyau. Likitocin babban asibitin Kwoi da na Kafanchan su ne za su tura mutum gaba, zuwa asibitocin koyarwa na Kaduna ko Zariya ko Jos, in aikin ya fi ƙarfinsu.

Na biyu, a gaya wa likita gaskiya game da duk abin da ake sha: giya, ko taramol, ko maganin gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, kada wanda aka yi wa tiyatar tumbi ya sha ibuprofen ko diclofenac ko asfirin sai da izinin likita, domin suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini. Farasitamol ma kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana.

Na huɗu, a guji sayen taramol a kasuwa. Binciken da aka gudanar a ƙasar nan a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayu na shekarar ne Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

Na biyar, in an koma gida zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ga zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko amai ba tsayawa, ko numfashi da ƙyar, a koma asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Danne irin wannan zafi da ƙwaya ɓoye cuta ne.

Ana roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su ji ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya, amin.