Jijiyoyin Saƙo da Ciwon Farfaɗiya



Bahaushe ya tara abubuwa uku ya kira su jijiya. Akwai wadda jini ke bi, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma farin zaren nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. A kan ta ukun nan zan yi magana.

Ita wannan jijiya dami ce ta zarurruka, kowane zare kuwa ya fito ne daga ƙwaya guda da masana ke kira niyuron. Ƙwayar tana da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jela mai aika shi gaba. Wata jelar takan tashi daga laka, cikin ƙashin baya, har babban yatsan ƙafa, kusan mita 1 ke nan. Saƙon ɗan lantarki ne, kuma a jelar da ke da rufin kitse, kamar robar da ke jikin waya, gudunsa yakan kai mita 120 a daƙiƙa. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan gibi, inda sinadari ke ƙetarar da saƙon. Wani likitan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya tabbatar cewa ƙwayoyin a rarrabe suke, aka ba shi lambar Nobel a 1906. Ƙwaƙwalwar mutum tana da irinsu kimanin biliyan 86.

To, idan ɗimbin ƙwayoyin nan suka saki lantarkinsu gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai mutum ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Farfaɗiya ke nan. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana jawo ta, haka sanƙarau irin wanda ya auka wa Arewa a 1996, haka doguwar naƙuda, haka buguwar kai a haɗarin acaɓa. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Amma ga shi har yau ana cire yaro mai basira daga aji domin iyayen sauran yara sun tsorata, ana fasa auren yarinya a kan wannan. A ganina wannan zalunci ne, ko da an yi shi cikin rashin sani.

Wanda ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a kan ɓarin jikinsa. Kada a danne shi, kada a ɗura masa komai, cokalin nan kuwa haƙora kawai yake karyawa. In abin ya wuce minti 5, sai asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 za su daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana da araha. Sharaɗinsa kada a yanke sha sai da izinin likita, domin yankewa farat ɗaya tana dawo da ciwon da ƙarfi. Saboda haka nake roƙon kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya ware wani abu daga kuɗin gudummawar bana, domin kada maganin ya yanke a asibitin garinmu.