Kyauta ko 'Yanci: Gardamar Masu Manhajar Kwamfuta



Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da kwamfuta? To, gardamar nan tushenta kalma ce. A shekarar 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin GNU. Manufarsa ita ce duk mai riƙe da manhaja ya sami ikon yin aiki da ita, da duba yadda aka ƙera ta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. Sai dai kalmar Ingilishin da ya zaɓa tana da ma'ana biyu waɗanda Bahaushe ya daɗe da rarrabewa: kyauta daban, 'yanci daban. Shi 'yanci yake nufi, domin bai hana sayarwa ba.

A 1998 su Eric Raymond da Bruce Perens suka ga zancen 'yanci yana firgita 'yan kasuwa, sai suka koma kiran abin "buɗaɗɗen tushe", suna kafa hujja da ingancin aiki. Stallman ya ƙi, yana ganin an yi tuya an manta da albasa.

Ni dai na fi karkata gare shi. Ma'aikacin da ya ɗauki LibreOffice don kawai ba a biya, ran da wani ya miƙo masa wata kyautar zai sauya. Amma ikon gyara shi ke bai wa ɗalibanmu damar mayar da manhaja cikin Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ ɗinta, ba tare da neman iznin wani kamfani ba.