Ƙungiyar Da Ba Mutum Ɗaya Ke Riƙe Da Makullinta Ba

Wannan shi ne jawabin da mai binciken kuɗi na ƙungiya ya gabatar a babban taron shekara a nan Minna. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



An ɗora mini nauyin yin magana a kan wata shawara da matasanmu suka kawo a zaman da ya wuce, wadda ta so ta jawo ka-ce-na-ce. Su dai cewa suka yi a ɗauki asusun taimakon juna na ƙungiya a mai da shi wani tsari na intanet da ake kira DAO. Dattawa kuwa da jin haka sai wasu suka ce ba da su ba, gaɗa a hurumi, ai wannan MMM ce ta sake riga. To, na zauna da ɓangarorin biyu, na kuma yi ɗan bincikena, abin da na gano shi ne kowa yana da tasa gaskiyar. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku.

Bari mu fara daga gida. Kakanninmu da yawa sun zo garin nan ne ta dalilin hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Baro, wadda ta isa Kano a 1911. Suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, suka zauna da su lafiya. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama hedkwata, wasu suka ƙara biyowa. Mutumin da ya baro garinsu ba shi da gonar gado a nan, ba shi da dangi kusa, babban jarinsa shi ne amana. Da ita aka yi adashi, da ita aka riƙa ajiya wurin maigida, da ita kuma aka kafa ƙungiyoyi irin tamu, domin in ciwo ko rasuwa ko gobara ta faɗa wa ɗaya, sauran su tallafa.

Sai dai wannan tsari namu yana da rauni guda, kuma duk mun san shi, kunya ce kawai ke hana mu faɗa. Komai a hannun mutum ɗaya yake taruwa. Shekarun baya na taɓa yin sakatare a wata 'yar ƙungiya ta unguwa. Ma'ajinmu mutumin kirki ne, ni shaida ne ko kwabo bai taɓa ci ba. Amma kuɗin ƙungiya a cikin jarin shagonsa yake juya su, lissafin kuwa rabi a wani littafin makaranta, rabi a kansa. Rana ɗaya Allah Ya karɓi abinsa. Magada suka ce ba su san adadin da ake bin mahaifinsu ba, mu ma ba mu da hujjar da za mu nuna. Ba wanda ya yi sata, amma zargi ya shiga, zumunci ya lalace, ƙungiya ta watse. Irin wannan ne matasanmu ke gudu, kuma ban ga laifinsu ba.

To, mene ne DAO ɗin? Taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci, ma'anarta ƙungiyar da ba ta da cibiya guda, mai gudanar da kanta. Kamar murhu take, a kan duwatsu uku take zaune.

Dutse na farko shi ne littafin lissafi da ake kira bulokcen. Wannan littafi ba a aljihun ma'aji yake ba, kwafinsa yana cikin dubban kwamfutoci a faɗin duniya. Duk abin da ya shiga ko ya fita kowa yana iya gani, kuma abin da aka rubuta mutum ɗaya ba ya iya gogewa.

Dutse na biyu shi ne dokar ƙungiya, wadda ake rubutawa da harshen kwamfuta ta zama yarjejeniya mai zartar da kanta. Yawanci a kan wani dandali mai suna Ethereum ake yin wannan, wanda ya fara aiki a 2015. Kuɗin suna kulle a cikin yarjejeniyar, ba sa fita sai sharaɗin da aka rubuta ya cika.

Dutse na uku kuwa ƙuri'a. Alal misali, a ce shagon ɗan'uwanmu ya ƙone a Kasuwar Kure. Wani zai rubuta shawarar a ba shi naira 200,000, a buɗe ƙuri'a ta kwana uku, kowa ya jefa tasa daga wayarsa. Idan masu amincewa suka kai adadin da doka ta ce, kuɗi su tafi da kansu, ba sai an je gidan shugaba an yi ta sallama ba.

A baki dai abin gwanin daɗi. Amma an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, don haka bari in ba ku labarin waɗanda suka riga mu gwadawa.

A 2016 aka kafa wata babba mai suna The DAO. Cikin wata guda mutane fiye da 11,000 suka zuba kuɗin kirifto da darajarsu ta haura dala miliyan 150. A watan Yuni na shekarar wani ya gano kuskure a rubutun dokar, ya bi ta nan ya janye Ether miliyan 3.6, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Jama'a suna kallo a littafi kuɗinsu na zurarewa, amma ba mai ikon tsayarwa, domin na'ura abin da aka rubuta mata kawai take bi. Abin da ya cece su shi ne wani sharaɗi da ya hana a taɓa kuɗin da aka janye sai bayan kusan mako huɗu. A cikin wannan tazara ne mutane suka yi shawara, a watan Yuli suka sake fasalin littafin aka mayar da kuɗin. Waɗanda ba su yarda da haka ba suka ware, suka ci gaba da tsohon littafi da sunan Ethereum Classic. Kun ga ke nan, ƙungiyar da aka ce ba ta buƙatar dattawa, ranar da ta ɓaci sai da aka yi zaman sulhu.

Na biyu, a watan Afrilu na 2022, wata mai suna Beanstalk. A irin waɗannan ƙungiyoyi yawanci nauyin ƙuri'arka gwargwadon kuɗinka ne. Sai wani ya gabatar da shawara, ba wanda ya kula da ita. Washegari ya ranto kuɗi kusan dala biliyan ɗaya na ɗan ƙiftawar ido, ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, ya zartar da shawararsa ta a tura masa dukiyar asusu, ya mayar da rancen nan take. An yi asarar kimanin dala miliyan 182. Bai fasa ƙofa ba, bai haura katanga ba, ta hanyar ƙuri'a ya bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku bai shafi sata ba. A watan Nuwamba na 2021 mutane kimanin 17,000 suka haɗa wajen dala miliyan 47 cikin 'yan kwanaki, a ƙarƙashin ConstitutionDAO, domin sayen wani tsohon kwafin tsarin mulkin Amurka a wajen gwanjo. Wani attajiri, Ken Griffin, ya kayar da su da dala miliyan 43.2. Da aka zo mayar wa kowa kuɗinsa, sai ladan da ake biya kafin a motsa kuɗi a dandalin ya cinye wa masu ƙaramin zubi kaso mai yawa. Wannan ya nuna tsarin yana iya tara jama'a da sauri, amma talaka ne ke fara jin jiki.

Yanzu mu dawo ƙasarmu. A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu harkar kirifto, sai a Disambar 2023 ya ɗage hanin. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta sa irin waɗannan kadarori a ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. A Amurka, jihar Wyoming ta yi doka tun 2021 da ta ba DAO damar yin rajista kamar kamfani. Mu kuwa, in rigima ta tashi a kan asusunmu, takardar rajistarmu da sunayen amintattunmu za mu kai gaban alƙali. Sannan darajar kuɗin kirifto hawa da sauka take yi kamar farashin tumatir, kuɗin marayu da na likkafani kuwa ba na gwaji ba ne. Haka kuma kada mu manta da waɗanda suka ƙone hannu a MMM da ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, da CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025. Waɗannan ba DAO ba ne, amma da irin zaƙin bakin nan na fasahar zamani aka ja mutane. Duk wanda ya ce maka kuɗinka za su ninka cikin wata guda, cinikin biri a sama yake so ka yi.

Akwai kuma abin da ya shafi jama'armu kai tsaye. Iyayenmu mata nawa ne a ɗakin nan ke da babbar waya? Ga Kainji, ga Shiroro, ga Zungeru duk a jiharmu, amma wa bai taɓa kwana wayarsa ba caji ba? In ƙuri'a ta koma waya kaɗai, mun ƙwace makulli daga hannun dattijo ɗaya mun miƙa wa samari biyar da suka iya latse-latse. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu.

Saboda haka shawarata ita ce mu ɗauki hikimar DAO, mu bar kuɗinmu a naira. Hikimar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila suka kafa ƙungiyar gama kai a kan ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, a Nijeriya ma an yi dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935. Ga abubuwa biyar da nake roƙon wannan taro ya duba.

Na ɗaya, makulli ya rabu. Kuɗi su zauna a banki da sunan ƙungiya, ba da sunan wani ba. A zaɓi mutum biyar daga unguwanni daban-daban, a ciki har da mace da matashi, kada kwabo ya fita sai uku daga cikinsu sun sa hannu. Ko a duniyar DAO, da yawa da irin wannan lalita mai makullai da yawa suke tsare dukiyarsu.

Na biyu, littafi ya zama a buɗe. Kowane ƙarshen wata a karɓo bayanin asusu daga banki, a karanta a taro, a liƙa a allon sanarwa, a kuma tura a zaurenmu na WhatsApp. Wanda ya tambayi lissafi kada a ce ya yi rashin kunya. Yin haka kare mutuncin ma'aji ne, da na iyalinsa bayan ransa.

Na uku, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Alhajin da ya ba da gudummawar naira miliyan ɗaya muna gode masa, amma ƙuri'arsa daidai take da ta mai sayar da ƙosai da ke biyan kuɗin wata. A kuma ƙayyade yawan mutanen da dole su halarta kafin a yanke hukunci. Mai waya ya jefa ta waya, maras ita ya jefa ta hannun wakilin unguwa a gaban shaidu.

Na huɗu, jinkiri a babban abu, sauri a na gaggawa. Duk wata kashewa mai yawa, kamar sayen fili ko gini, a bar kwana bakwai tsakanin yanke shawara da fitar da kuɗi, domin mai ƙorafi ya sami damar magana. Ku tuna tazara ce ta ceci The DAO. Amma maganar asibiti da jana'iza, a ware wa kowane reshe na unguwa ɗan adadi sananne da zai iya fitarwa nan take, ya kawo rasit daga baya. Mutumin Maitumbi bai kamata ya jira shugaba ya dawo daga tafiya ba kafin a kai matarsa asibiti.

Na biyar, a yi wa kowane muƙami wa'adi, a kuma rubuta hanyar gyara dokar kanta. Dokar da ba ta gyaruwa, ranar da aka gano kuskurenta ita za ta ci mai ita.

Ku kuma matasa, ba korar shawararku aka yi ba. Ku ne kuka tada mu daga barci. Cikinku akwai ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, ilminku muke buƙata. Ku karɓi aikin tsara littafin lissafi a kwamfuta da tattara ƙuri'u. In kuna son gwada DAO ta ainihi, ku gwada a tsakaninku da ɗan abin da in ya salwanta ba wanda zai kwana da yunwa, ku kawo mana rahoto a taron baɗi, mu ji abin da kuka koya.

Iyayena dattawa, ku kuma ku yi haƙuri da mu. Neman sa hannu uku ba tuhumar kowa ba ne. Amanar da kuka riƙe shekara da shekaru muke so mu yi wa shinge, don kada ta tafi tare da masu riƙonta. Na'ura tana iya ƙirga ƙuri'a, amma ba za ta zo taro a madadinku ba, ba za ta je gaisuwar mara lafiya ba. Duk ƙungiyar da 'ya'yanta suka daina zuwa taro suka daina duba lissafi, ko a bulokcen take ko a littafin makaranta, ƙarshenta ɗaya ne.

Ina roƙon shugaban taro ya sa waɗannan abubuwa biyar a ƙuri'a yau ɗin nan kafin mu tashi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma a gafarce ni.