Wa Zai Riƙe Mana Goyo In Mun Tafi Kasuwa?

Hajiya shugaba, iyayenmu, 'yan uwana mata, da mazajenmu da suka baro harkokinsu suka zo, sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri da karatuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Allah ya jiƙan Abubakar Rimi, a zamaninsa ne, a 1980, aka kafa hukumar ilimin manya ta Kano.

Maganata yau a kan goyo ce. Ma'aikaciyar gwamnati in ta haihu tana da hutu, albashi na shiga. Mu kuwa ana yin arba'in sai kasuwa, don in ba ki je Kwari kin saro atamfa ba, mai sayen kayanki ta koma wajen wata.

Da na haifi autata babu abin da ban gwada ba. Na goya ta cikin layukan Kwari, ga rana, ga cunkoso, ga 'yan dako da dila a ka. Wata rana saura ƙiris dila ta sauka a kanta. Na tambayi gidan raino na kuɗi, kuɗin wata ya kusa cinye ribata. Sai aka kawo mini yarinya daga ƙauye, ba ta wuce shekara 10 ba, na ce to, na huta.

Ran nan na dawo daga rumfata a Sabon Gari na tarar da 'yata tana ta zawo, ido ya faɗa. Ashe in ta yi kuka koko da ruwan randa ake ɗura mata, ita da wata 4 a duniya. Kwana 3 muka yi a asibiti. A nan ma'aikaciyar jinya ta ce mini wata 6 na farko nono zalla ne, ko ruwa ba a bayarwa. Wallahi ban ga laifin yarinyar ba. Ita ma raino take buƙata, kuma makarantar da nake kukan ban yi ba, ita na hana ta.

To ga roƙona. Mun iya adashi shekara da shekaru, ba mu ci kuɗin juna ba. Mu kama ɗaki ɗaya a Fagge, inda uwa za ta iya tahowa daga Kwari da ƙafa ta shayar ta koma. Mu ɗauki manyan mata daga cikinmu, musamman zawarawa masu neman abin yi, mu biya su duk wata. Kowacce kada ta riƙe jarirai fiye da 4. A koya musu wanke hannu da haɗa ruwan gishiri da sukari, a riƙa duba katin rigakafi. Kuɗin kuma a rubuta shi a littafi, ni zan riƙe biro, tunda yanzu na iya.

Wadda ta yarda ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa.